Ranar da Isfandiyar Ya Kawo Likita Cikin Waya

Ƙanena Isfandiyar, in da baki na aiki, da tuni ya shimfiɗa mana kwalta daga Bidabad har Tehran. Ya ɗan zauna a Karaj yana share shagon wani mai gyaran waya, ya dawo ƙauye da tabarau, da wata waya mai faɗin faranti, da sabon suna. Wai Injiniya! In ka kira shi Isfandiyar tsura, sai ya yi kamar da bango kake. Ni kuwa da na goya shi na share masa majina, ban taɓa kiransa da wannan suna ba, kuma ba ni da niyyar farawa.

A wajenmu duk wanda ya je ziyarar babban hubbaren da ke birnin Mashhad ya dawo, an daina kiran sunansa tsura, ya zama Mashdi wane. Tsofaffin matan Bidabad kaf sun zama Mashdi, ban da uwarmu Gulnisa. Shekarar da ta shirya, babanmu ya kwanta ciwo. Wata shekarar sanyi ya kashe tumaki. Haka aka yi ta yi har ta tsufa ana ce mata Nane Gulnisa, alhali Kubra, wadda Nane ta girme ta nesa ba kusa ba, ta zama Mashdi Kubra, har ita ke shirya bas ɗin mata. Bana dai Nane ta samu kujera. Bas zai tashi ranar Alhamis. Ta ɗinka sabon mayafi, ta ƙulle kayanta tun ana girbin alkama, kullum sai ta kwance ta sake ƙullewa.

Ana cikin haka ƙafarta ta hagu ta kumbura.

Mashdi Kubra ta zo, ta duba, ta taɓe baki. “Nane Gulnisa, in zama fansarki, amma ba zan ɗauke ki haka ba. Bara wata ta sume mana a tsakiyar hamada, na sha zagi a wajen ’ya’yanta. Sai likita ya ce ƙafar nan za ta iya tafiya. In bai ce ba, akwai masu jiran kujerar.”

Na ce abu mai sauƙi, mijina yana da a-kori-kura, gobe mu tsallaka dutse mu kai ta asibitin gari.

Isfandiyar ya cire tabarau ya dube ni kamar na yi saɓo. “Asibitin gari? Haba Abji, babbar yayata! Ki kai uwarmu ta bi layi, ɗalibai su yi ta koyon aiki a kanta? Wane zamani kike ciki? Ni zan kawo mata farfesa daga Tehran har cikin ɗakin nan.”

“Da wace motar?”

Ya ɗaga waya ya girgiza ta. “Da wannan. Ki zuba ido kawai.”

Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Ina! Kafin la’asar ya isa shagon shayi, ya hau kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mijina na wurin, shi ya kawo mini labari. Wai farfesan dattijo ne mai farin gemu, ministoci ke layi a ƙofarsa. Wai da kallon ido kaɗai yake gane ciwon hanta. Wai shi Isfandiyar suna gaisawa da shi. Daga yau ba mai sake hawa hanyar dutse don ciwon ciki, za a buɗe asibiti a gidanmu, shi ne shugaba.

Amu Nusrat, wato Baffa Nusrat, mai sayar da sassaƙe da ganyen magani ya sa ƙwayar sukari a baki, ya kurɓi shayi, ya ce, “Agha Injiniya, ranka ya daɗe, wannan likitan naka, yana riƙe wuyan hannu?”

“Ba ya buƙata.”

“Yana yin allura?”

“An wuce wannan zamani, Amu.”

“Ƙarin ruwa fa?”

“Ta waya?”

“To ai ni ma abin da nake tambaya ke nan. Likitan da bai taɓa ka ba, bai tsira maka allura ba, me ya yi maka? Hira kuka yi. Hira kuwa ina yin ta kyauta a nan kullum.”

Wani ya ce shi matarsa ba za ta shiga waya mutanen Tehran su yi ta kallonta ba. Wani ya ce shi kam in abin ya yi, ya huta da hanyar nan da ta kusa zubar masa da haƙora. Gardama ta kaure, Isfandiyar ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce kowa ya zo ranar Talata ya gani da idonsa. Kowa fa ya ce. Bidabad kuwa ba a yi mata irin wannan tayi sau biyu.

Matsala ta fara ne da Nane ta ji likita zai zo daga Tehran. Tana kwance ta ɗora ƙafa kan matashi, sai ga ta zaune zumbur.

“Baƙo daga Tehran? A ɗakin nan? Ifat, tashi ki naɗe dardumar nan!”

Isfandiyar ya ce, “Nane jan, uwata abar ƙauna, ba da ƙafarsa zai zo ba. A cikin waya yake.”

“Zai ga ɗakina ko ba zai gani ba?”

“Zai gani mana. Har ƙudan da ke kan bango zai gani, wayata ba ta wasa ba ce.”

“To ka ji! Kana so ya koma Tehran ya ce ya ga ƙuda a gidan Gulnisa?”

Wayyo ni Ifat, na ga aiki. Aka kai darduma rafi aka wanke. Aka shafe bango da farar ƙasa. Aka fito da kofunan shayi masu bakin zinariya da rabon da su ga rana tun bikina. Nane kuwa, wadda ya kamata ta kwanta, tana tsaye a kanmu ta dogara da muciya tana ba da umarni. Na yi faɗa, na yi roƙo, na rantse zan ɗaure ta a gado. Ta ce in na isa in gwada. Ranar Litinin ta wuni tsaye gaban murhu, tana jiƙa za’afaran, tana dafa miyar ganye da nama, tana soya albasa.

Na ce, “Nane, don Allah wa zai ci wannan abinci? Mutumin nan a cikin waya yake!”

“Ci ba dole ba ne. Amma a ce ba a sa masa komai a gaba ba? Ban haife ki da wannan hali ba.”

Kafin a kwanta ƙafar ta yi suntum, ta ƙi shiga ko silifas. Na nuna wa Isfandiyar. Ya leƙa ta saman tabarau ya ce ai hakan ya fi, farfesa ya fi son ciwon da ya nuna sosai.

Ranar Talata tun hantsi gida ya cika. Kowa ya zo da ledar tsofaffin magunguna da hotunan ƙirji. Takalma a ƙofa sun yi tudu. Isfandiyar ya sa kwat ɗin da ya ara wurin malamin makaranta, hannun kwat ɗin bai kai masa wuyan hannu ba. Nane ta sa aka jingina wayar a kan matashi mai ado can ƙuryar ɗaki, inda ake zaunar da manyan baƙi. Aka ajiye mata shayi a gaba, da faranti na rumman da kokwamba, har da wuƙa da gishiri.

Isfandiyar ya gyara murya, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyi a fuskar wayar.

Amu Nusrat ya ce, “Ga farfesan nan ya iso. Kansa ne ke juyawa, hanyar dutse ce ta wahalar da shi.”

“Sabis ne ya ɗan yi rauni,” in ji Isfandiyar. Ya ɗaga wayar sama, ya kai ta taga, ya fita tsakar gida, ya shiga garken tumaki, jama’a na biye da shi ɗuu. Ya hau tsani. Can daga saman soro muka ji ihunsa: “Ga shi! Ya kawo! A nan kusurwar kaɗai yake kamawa!”

Na ce shi ke nan, ya ɗauki hoton ƙafar ya hau da shi. Nane ta ce sam, ba a barin baƙo shi kaɗai a saman soro kamar ɓarawon tantabara. In baƙo na sama, gida ya koma sama.

Haka aka yi. Darduma ta hau. Matasai suka hau. Tukunyar shayi ta hau tana tururi, ta ƙona wa mijina gwiwa. Miya ta hau, rabinta ya tsaya a kan rawanin wani dattijo da ke riƙe da tsani. Daga ƙarshe aka sa Nane cikin bargo, ƙarti suka ɗaga ta, na sama na ja, na ƙasa na turawa, ita kuwa tana lilo tsakanin sama da ƙasa tana ce musu su yi hankali da inabin da ta shanya a gefe. Waɗanda ba su samu wuri a soronmu ba suka hau na maƙwabta. Da na waiga, kowane soro a Bidabad ya yi baƙi ƙirin da mutane, wasu har da tabarmarsu da ’ya’yan kabewa suna ɓarza.

Isfandiyar ya danna. Wayar ta yi ƙara, fuska ta bayyana. Wata yarinya ce siririya da farar riga da ɗankwali shuɗi, ba ta fi ’yata ta fari ba.

Nane ta yi murmushi ta ce, “Sannu ’yata. Je ki ce wa babanki mun shirya.”

“Salam, Nane jan. Ni ce likitar. Sunana Dakta Kamrani.”

Kowa ya juyo ya dubi Isfandiyar. Amu Nusrat ya shafa haɓarsa ya ce, “Agha Injiniya, an aske wa farfesa gemu.”

Isfandiyar ya juya wa wayar baya ya ce wa jama’a ƙasa-ƙasa, “Babbar mataimakiyarsa ce. Shi yana ɗakin tiyata da wani minista, ya aiko mini da saƙon ban haƙuri.”

Daga cikin waya aka ce, “Malam, ina jin ka fa. Ba ni da wani farfesa. Ni kuka zaɓa, da hotona da komai.”

Dariya ta tashi daga soronmu ta tsallaka na maƙwabta, don na kusa suna miƙa wa na nesa labari. Nane ta harare su. A gidanta ba a dariya gaban baƙo.

“Hanum Dakta, kin sha hanya. Bismillah, ga shayi.”

“Na gode, Nane jan.”

“Haba, kurɓa ɗaya.”

“Wallahi na gode, yanzu na sha.”

“To rumman fa? Na gonarmu ne. Ifat, ɓare mata. Ba ki ga yadda ta rame ba? Ba sa ba ku abinci a Tehran?”

Likitar ta yi dariya, da alama ita ma tana da kaka. Ta ce, “Nane jan, gaya mini, me ke damun ki?”

“Ni? Babu komai, albarkacinki. Lafiya lau nake.”

“An rubuta mini ƙafarki ta kumbura.”

“Wa ya faɗa? Yaran nan da neman magana! ’Yar gajiya ce. Ke dai yaya mamanki? Kin yi aure?”

Na matsa kusa da kunnenta na ce, “Nane, don girman Allah ki faɗa mata gaskiya!”

Ta murɗe mini cinya. “Yarinya ta zo gidana yau yau, ko shayi ba ta sha ba, in tare ta da ƙorafi? Ke ba ki da kunya?”

Kafin in ba ta amsa, jama’a sun ga ƙofa ta buɗe. Amu Nusrat ya cusa fuskarsa gaban waya ya zaro harshe har haɓa. “Hanum Dakta, in ke likita ce ta gaske, faɗa mini: jikina mai zafi ne ko mai sanyi? Jiya na ci kifi da nono.” Wata bazawara ta ture shi ta manna hoton ƙirji a kan wayar. Likitar ta ce ba ta ganin komai sai duhu, kuma ina mai ƙirjin yake? Matar ta ce ai ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, so take dai ta san me ya kashe shi. Wani daga soron maƙwabta ya ɗaga akuya sama yana ihu a tambaya masa ko ana duba dabbobi.

“A yi layi! A yi layi!” in ji Isfandiyar, gumi na zuba cikin kwat ɗin malamin makaranta. Don ya dawo da martabarsa sai ya zaro na’urar awon jini da ya sayo a gari, ya naɗa wa Nane a kan rigar sanyi da hannun riga da gefen mayafi gaba ɗaya. Na’ura ta kumbura ta yi kuka. Ya karanto wata lamba da babbar murya.

Likitar ta ce, “In haka ne, wadda kuka auna ta daɗe da rasuwa. Juyo mini fuskar na’urar. Malam, wannan kwanan wata ne ka karanta.”

“Ina gwada ta ne,” in ji Isfandiyar ga jama’a. “Ta ci jarrabawa.”

Likitar ta daina dariya ta ce tana da wasu marasa lafiya na jira, a nuna mata ƙafar. Nane ta dafe ƙirji. Ta buɗe ƙwaurinta a saman soro, Bidabad kaf na kallo? Gara ta mutu. Mashdi Kubra ta miƙe ta daka wa maza tsawa su juya baya, na kusa da na nesa. Mata suka kama manyan mayafai suka yi labule zagaye da Nane. Cikin labulen daga ni sai Nane a ƙarƙashin bargo, sai Isfandiyar da ke riƙe da waya.

Nane ta ja bargo a hankali ta miƙo ƙafa. Tsaf da ita, ta sha lalle, ko ɗigon kumburi babu. Ta dama ce.

Na buɗe baki, ta zare mini ido. Ai baƙo mai kyau ake nuna masa. In za a ba shi rumman ba a zaɓo ruɓaɓɓe, to don me za a miƙa masa mummunar ƙafa?

Likitar ta sa aka juya ƙafar nan da can, aka danna ta da yatsa. Ta ce, “Wannan kam ban ga abin da ya same ta ba.”

Isfandiyar bai jira ta rufe baki ba. Ya leƙa kai ta saman labule ya kwarara ihu: “Jama’a, an wanke ta! Tehran ta yi magana! Mashdi Kubra, a gyara wa uwata kujerar gaba!”

Mata suka fara guɗa. Amma Mashdi Kubra ba yau aka haife ta ba. Ta ce daga bayan labule, “Wace ƙafa aka nuna?”

“Ƙafa dai! Ƙafa ba ƙafa ba ce?”

“Ta hagu na ce. Hanum Dakta, kina ji na? Ta hagun ce mai ciwo!”

“A nuna mini ɗayar,” in ji likitar.

A nan na ga fuskar ƙanena ta canza. Ya san yadda ƙafar nan take, shi ma ya gan ta daren jiya. In likita ta gani, babu kujera, babu Mashhad, babu asibitin da zai shugabanta. Nane ma ta ƙanƙame bargo, idonta ya kawo ruwa. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe ta sama, sabis na neman gudu. Ni da wauta na ɗaga ta sama ina kallon gajimare. Da ya ce in sauke, sai na ga ƙafa biyu jere a bakin bargo. Ta dama mai lalle. Ta hagu kuwa doguwa, baƙa, da gashi cunkus har idon sawu, farcen babban yatsa kamar cokali. Isfandiyar ya ɓace, sai wani tudu da ke numfashi a ƙarƙashin bargon, gefen Nane.

Na tsaya riƙe da wayar ina haska ƙafafun biyu.

Likitar ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Nane jan, tun yaushe gashi ya fara fito miki a ƙafa ɗaya?”

Nane ta rufe fuska da mayafi. Daga ƙarƙashin bargo wata siririyar murya, wai ta tsohuwa, ta ce, “Gado ne, ’yata.”

“To ki gaya wa mai ƙafar akwai ƙaiƙayi tsakanin yatsunsa. Ya riƙa wanke ta da sabulu, ya canza safa, ko da sau ɗaya ne a mako.”

Matar da ke riƙe da bakin labule ta leƙo ta gani. Ta saki mayafi ta dafe ciki. Ta kusa da ita ma ta saki. Labule ya zube gaba ɗaya, maza suka ji shewa suka juyo, Bidabad daga wannan soro zuwa wancan ta ga Agha Injiniya kwance a bargon uwarsa, wando naɗe har gwiwa, tabarau a karkace.

Kai, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Amu Nusrat ya zauna daɓas yana tari yana cewa a ba shi ruwa. Mai akuya ya saki akuyarsa. Isfandiyar ya yi wuf ya miƙe yana cewa, “Gwaji ne! Haka ake gwada ingancin hoto a Karaj!” Yana magana yana ja da baya, ya taka inabin da Nane ta shanya. Santsi ya kwashe shi. Ya yi ta iyo da hannu a iska, ya kama bututun tukunyar shayi, bututun ya biyo shi, shi da bututu suka wuce bakin soro. Muka ji tim!

Aka ruga aka leƙa. Allah ya taimake shi, a kan tarin takin tumaki ya sauka, ya nutse har ƙugu. Malamin makaranta ya leƙa ya ce, “Kwat ɗina!”

Wayar na hannuna har yanzu. Kowa na can bakin soro yana kallon ƙasa. Na durƙusa gaban Nane na ce, “Ki yafe mini,” na yaye bargon, na haska ƙafar hagu.

Likitar ta ƙura wa ƙafar ido. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce. Ta tambaye ni ko ƙafar da zafi in an taɓa, na ce kamar gurasar da aka ciro daga tanda. Ta tambaya ko ƙwaurin na ciwo in an matsa, Nane ta ce a’a, na matsa, Nane ta yi ƙara.

“Ki saurare ni da kyau,” in ji ta. “Ina tsoron jini ne ya daskare a jijiya. Daga nan ba zan iya tabbatarwa ba, sai an yi hoto. Ku kai ta asibiti yau, yanzu. Kada kowa ya murza ƙafar, kada a shafa mata komai. In gudan jinin ya motsa ya tafi huhu, ba a samun lokacin neman mota.”

Dariya ta mutu a soron. Amu Nusrat, da ya riga ya zaro kwalbar man shafawa daga aljihu, ya mayar da ita a hankali.

Nane ta karɓi wayar da hannunta biyu. A karo na farko ba ta yi tayin shayi ba. Ta ce, “’Yata, ranar Alhamis bas zai tashi.”

“Na sani, Nane jan. Ba wannan Alhamis ɗin ba. Doguwar tafiya a zaune da ƙafar nan, ba zan ce miki je ki ba.”

“Na daɗe ina jira.”

“Ki je asibiti yau, don ki samu zuwa can da ƙafarki.”

Aka sauko da ita cikin bargon, wannan karon ba mai tsokanar kowa. Muka sa ta a gaban a-kori-kura. Isfandiyar kuwa a baya aka jefa shi, idon sawunsa ya gurɗe, ga wari ba mai iya zama kusa da shi. Amu Nusrat ya bi motar yana ce masa ya yi murna, yau zai ga likita na gaske mai allura.

Abin da yarinyar nan ta faɗa shi aka gani a hoto. Aka ba Nane gado. A ƙauye kuwa gardama ta koma sabuwa. Amu Nusrat ya ce maganarsa ta fito, likitar waya ba abin da ta yi illa ta tura mutum wurin likita. Mijina ya ce in ba don ita ba da yanzu ana zaman makoki a gidanmu. Bazawarar nan kuwa har ta sa jikanyarta ta nemo mata lambar Dakta Kamrani. Isfandiyar na dogara sanda yana bin mutane yana cewa duk tsarinsa ne, ya san Nane ba za ta yarda da asibiti ba sai an bi da ita ta soro.

Ranar Alhamis bas ya tsaya a ƙofar asibiti. Matan suka shigo da mayafansu na tafiya, suka cika ɗakin, suna sumbatar Nane. Ta ciro mayafin da ta ɗinka don ziyara ta ba Mashdi Kubra ta shafo mata shi a jikin hubbaren. Ba ta yi kuka ba sai da ta ji direba na danna ham. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Mashdi Kubra ta ce, “Kin yi niyya, Allah ya gani. Daga yau Mashdi Gulnisa za mu riƙa ce miki.”

Nane ta share ido ta ce, “Kada wadda ta kira ni da sunan da ban je na ɗauko ba.”

Bas ya tafi. Isfandiyar, da ke raɓe a bakin ƙofa, ya ɗingiso ya zauna a gefen gado. “Nane jan, ki daina kuka. Ni na san wata hanya. Yanzu ana ziyara ta waya. Wani ya tsaya gaban hubbare ya ɗaga miki, ke kina kwance a nan…”

“Isfandiyar.”

“Na’am, Nane.”

“In dusar ƙanƙara ta narke za ka kai ni. Inda mota ta tsaya, daga nan har ƙofar hubbare, a bayanka zan hau. In ka sauke ni a hanya ban yafe maka nonon da ka sha ba.”

Ya dube ni, na kau da kai.

Yanzu kowace safiya, in ka bi ta ƙofar gidanmu, za ka gan shi yana zagaya tsakar gida da buhun alkama a gadon baya, yana nishi, gwiwa na rawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa sabon salon motsa jiki ne da ake yayi a Tehran. Nane na zaune bakin taga da ƙafarta kan matashi tana kallonsa. Jiya ta kira ni ta ce, “Ifat, ƙara masa alkama a buhun nan. Likita ta ce in riƙa cin abinci sosai, kafin lokacin na yi ƙiba.”